BABI NA UKU: TARIHIN HOTO DA ADANA DODONSA A BIRNIN ZARIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kafuwar birnin Zariya da ganuwarsa da ƙofofinsa, da kuma yadda unguwanninsa suka bunƙasa. A wannan babi za a dubi wata taska ta tarihin birnin wadda ba kasafai manazarta kan kula da ita ba, wato fim ɗin da aka ɗauki hotunan birnin da mutanensa a kansa. Za a bi diddigin yadda hoto ya shigo Zariya, da su wane ne suka ɗauke shi, da inda fim ɗin ya kwana, sannan a kawo tarihin na'urar da ake kira sikana, wadda da ita ake kwafe fim a mayar da shi cikin kwamfuta.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, tarihin Zariya na hoto ya rabu gida biyu. Baƙi sun fi ɗaukar gine-gine, kuma nasu hotunan sun sami shiga littattafai da gidajen adana kayan tarihi. Masu hoto na gari kuwa mutane suka ɗauka, kuma nasu fim ɗin yana cikin adaka da ambulan a gidajen birni, inda zafi da laima da ƙura ke cin sa a hankali.

3.1 Ma'anar Dodon Hoto da Hoton Majigi

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a bambance abubuwa uku. Na farko shi ne hoton takarda, wato wanda ake sakawa a albam ko a rataya a bango. Na biyu shi ne dodon hoto, wanda wasu kan kira nagetif. Shi ne fim ɗin da ya fito daga cikin kyamara bayan an wanke shi. A jikinsa komai a juye yake: farin rawani kan fito baƙi ƙirin, fuskar mutum kuma ta fito fari fat, kuma ga alama wannan kama mai ban tsoro ce ta jawo masa sunan dodo. Daga dodo ɗaya ana iya buga hoton takarda sau ɗari, saboda haka shi ne uwa, hoton takarda kuwa ɗa ne.

Na uku shi ne silaid, wanda a wannan nazari za a kira hoton majigi. Shi fim ne da ke fitowa da launinsa daidai, ana yanka shi ɗaya-ɗaya a sa cikin ɗan firam na kwali ko roba mai faɗin inci 2 a kowane gefe, sannan a haska shi a bango ko a farin ƙyalle. Hoton majigi ba shi da dodo. Shi kaɗai ne, idan ya lalace to shi ke nan.

3.2 Shigowar Hoto Ƙasar Zazzau

An bayyana wa duniya fasahar hoto a Faransa a shekarar 1839. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai amfani da fim naɗaɗɗe, abin da ya sa ɗaukar hoto ya sauƙaƙa ga matafiya. A Nijeriya sana'ar ta fara kafuwa ne a garuruwan bakin teku. Tun kafin ƙarshen ƙarni na 19 akwai 'yan ƙasa da suka shahara da ita, kamar Jonathan Adagogo Green na Bonny da George Da Costa na Ikko.

Zariya ta shiga hannun Turawan Ingila a 1902, zamanin Sarkin Zazzau Kwasau. Hotunan farko na wannan zamani na sojoji ne da jami'an mulki da 'yan mishan, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne ganuwa da ƙofofi da fada da kasuwa da mahaya dawaki. Da jirgin ƙasa ya iso a wajajen 1911, sai Sabon Gari ya kafu a ƙetaren Kubanni, ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. A irin waɗannan sababbin garuruwa ne shagunan hoto suka fara buɗewa a Arewa, kuma galibin masu su mutanen Kudu ne. Wannan ya sa na tsawon lokaci mutumin birni da ke bukatar hoto sai ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya je a ɗauke shi.

Haka kuma ba nan da nan mutanen birni suka rungumi hoto ba. Zariya gari ne na malamai, kuma malamai sun yi saɓani a kan hukuncin sura. Wasu sun haɗa hoto da gunki sun hana, wasu kuma sun bambance tsakanin abin da aka sassaƙa da hannu da abin da haske ya ɗauka. Bugu da ƙari akwai al'adar kulle, wadda ta hana baƙon namiji wuce zaure. Abin da ya karya wannan ƙyama a hankali shi ne larura. Mai niyyar aikin Hajji yana bukatar hoton fasfo, haka ɗan makaranta da mai neman aikin En'e ko na gwamnati. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ma ta taimaka wajen sabar wa mutane ganin sarakuna da manyan ƙasa a takarda. Kazalika majigin da gwamnati ke yawo da shi gari-gari ya sa kallon sura ya zama abin yau da kullum.

3.3 Kyamarar Baƙi: Hotunan Gine-gine

Daga shekarun 1950 Zariya ta zama cibiyar ilmin zamani. Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ta sami reshe a garin, kuma a 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Malamai da masu bincike da suka zo daga ƙasashe daban-daban sun zo da ƙananan kyamarori masu fim mai faɗin milimita 35, irin wanda kyamarar Leica ta yayata tun 1925. Da yawansu hoton majigi suke ɗauka domin koyarwa a aji, musamman da fim ɗin Kodachrome wanda ya fito a 1935 da Ektachrome wanda ya biyo bayansa.

Amfanin aikin waɗannan baƙi ya fi fitowa fili a kan Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin ya kuma ɗauki hotunansa, kuma aikin ya fito a littafinsa An Introduction to Nigerian Traditional Architecture a 1990, shekara takwas bayan rasuwarsa. J. C. Moughtin shi ma ya yi bayanin masallacin a Hausa Architecture (1985). A shekarun 1970 an yi wa masallacin babban gyara, inda aka lulluɓe abin da ya saura na tsohon ginin ƙasa da sabon gini na siminti. Saboda haka wanda duk yake son sanin yadda masallacin yake daga waje a da, dole ya koma ga waɗannan hotuna da zane-zane, ko kuma ya je Jos ya ga kwatankwacinsa da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya.

Haka abin yake game da adon bangon gidaje, wanda Zariya ta yi suna a kansa. A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da Decorated Houses in a Northern City a 1963, sannan Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana bin gidajen birni, har ya wallafa Traditional Housing in African Cities (1982) da Hausa Urban Art and its Social Background (2007). Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai, kuma da bulon siminti da kwanon rufi suka yawaita, da yawa daga cikin zaurukan da aka yi wa wannan ado sun rushe ko an sāke su. A nan fim ya yi wa birni abin da baki ba zai iya ba, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Sai dai akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, baƙo yakan koma ƙasarsa da fim ɗinsa, abin da ke isowa Zariya shi ne ɗan abin da aka zaɓa aka buga a littafi. Na biyu, kyamarar baƙo ba ta cika wuce zaure ba, kuma mutanen da suka faɗo cikin hotonsa sau da yawa ba a rubuta sunayensu ba.

3.4 Kyamarar Gari: Hotunan Mutane

Rabi na biyu na wannan tarihi yana hannun masu hoto na gari. Tsofaffi suna tunawa da kyamarar akwati mai ƙafa uku, wadda mai ita kan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya wanke hoton a cikin akwatin nan take ya miƙa wa mai shi. Bayanta sai kyamarori masu fim mai lamba 120, wanda naɗi ɗaya ke ba da hoto 12 masu faɗin santimita 6 a kowane gefe. Daga baya fim mai milimita 35, mai ɗaukar hoto 24 ko 36, ya mamaye kasuwa.

A zamanin hoton baƙi-da-fari, mai hoto shi ke wanke fim ɗinsa da kansa a ɗakin duhu, kuma bisa al'ada shi ke riƙe dodon. Dalili kuwa na ciniki ne: duk ranar da mai hoton ya bukaci ƙari, dole ya dawo wurinsa. Ta wannan hanya, ba tare da niyya ba, kowane tsohon shagon hoto ya zama ma'adanar tarihin unguwarsa. A cikin kwalayensa akwai Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe, akwai naɗin sarauta da saukar karatu da ɗaurin aure da suna, akwai alhazai ranar tafiya da ranar dawowa, akwai 'yan makaranta cikin yunifom. Mai nazarin tufafi zai iya ganin yadda ɗinkin riga da naɗin rawani da ɗaurin ɗankwali suka sauya daga zamanin Sarki Ja'afaru (1937 zuwa 1959) zuwa na Muhammadu Aminu (1959 zuwa 1975) har zuwa na Shehu Idris (1975 zuwa 2020).

Zuwan hoton kala ya sauya wannan tsari. Wanke fim mai kala yana bukatar injin da ƙaramin mai hoto ba zai iya saye ba, saboda haka daga shekarun 1980 aikin ya koma hannun manyan shagunan wanki. Masu yawo da kyamara a gidajen biki suka yawaita, haka nan iyalai masu hali suka mallaki nasu kyamarori, abin da ya ba hoto damar shiga cikin gida har ɗakin amarya. Amma dodon ya rasa mai kula da shi. Akan sako shi cikin ambulan tare da hotuna, a ɗauki hotunan a sa a albam, shi kuwa a jefa shi ƙasan akwati, ko a bar wa yara su yi wasa da shi.

Bayan shekarar 2000 kyamarar dijital ta fara korar fim, kuma wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, ta ƙarasa shi da zarar ta sami kyamara. A duniya ma haka abin ya kasance. Kamfanin Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009, aka rufe wankinsa na ƙarshe a Amurka a watan Disamba 2010, sannan a 2012 kamfanin da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Da ciniki ya mutu, kwalayen dodo suka zama kayan cika ɗaki a idon magada.

3.5 Abokan Gabar Fim a Zariya

Fim abu ne mai rauni, kuma yanayin Zariya yana kai masa hari ta fuska uku. Da bazara akwai zafi, wanda ke gaggauta dusashewar launi. Da damina akwai laima, wadda ke sa fumfuna ta tsiro a jikin fim ta ci shafin da hoton ke kwance a kai. Da hunturu kuwa ƙura ce ke shiga ko'ina, kuma idan aka goge ta da gefen riga sai ta karce fim ɗin. Ga kuma gara da kyankyaso masu cin ambulan da kwali.

Har ila yau akwai ciwon da ke cikin jikin fim ɗin kansa. Wanda aka yi kafin farkon shekarun 1950 yana iya kasancewa na sinadarin naitiret, mai saurin kama wuta. Wanda ya gaje shi, na asitet, idan ya tsufa cikin zafi da laima yakan fara wari mai tsami, ya kanannaɗe, ya yamutse, kuma tururin da yake fitarwa yana cutar da na kusa da shi. Shi kuwa fim mai kala, launukansa ba sa dusashewa tare, shi ya sa tsofaffin hotuna kan rine su koma ja-ja. Kodachrome ya fi sauran juriya idan an ajiye shi cikin duhu.

Mai wannan nazari ya ga wannan ɓarna da idonsa a gidansu. Da aka buɗe adakar kakansa bayan rasuwarsa, an tarar da ambulan-ambulan na dodo waɗanda ɗigar ruwan soro ta taɓa a wata damina. Na ƙasa sun manne da juna sun zama dunƙule guda, da aka yi ƙoƙarin ɓamɓare su sai hoton ya biyo yatsa. Na sama kaɗai suka tsira, kuma a cikinsu aka sami fuskar wata kaka da babu wani hotonta a gidan.

3.6 Tarihin Sikana da Yadda Take Aiki

An fara mayar da hoto cikin kwamfuta a 1957, lokacin da Russell Kirsch da abokan aikinsa a Amurka suka kwafi hoton jaririn ɗansa. Shekaru da dama bayan haka aikin ya kasance na manyan maɗaba'u masu injuna masu tsada. A 1992 Kodak ya fito da tsarin Photo CD, inda mutum kan kai fim a kwafe masa a faifai. A cikin shekarun 1990 ne ƙananan sikanonin fim na ɗorawa a tebur suka bazu, irin su Nikon Coolscan da Minolta Dimage Scan, har mutum ya sami damar yin aikin a ɗakinsa.

Bambancin sikanar fim da sikanar takarda shi ne hanyar haske. Ta takarda tana haska abu ne ta karɓi hasken da ya dawo. Ta fim kuwa tana ratsa fim ɗin da haske daga baya, madubin ido ya tattara shi a kan ma'aunin haske, injin yana matsawa layi bayan layi har ya gama. Daga nan manhaja ta juya dodon ya koma hoto sosai. Nikon Coolscan 5000 ED, alal misali, tana karanta ɗigo 4000 a kowane inci. Da yake hoto ɗaya na fim mai milimita 35 yana da faɗin milimita 24 da tsawon 36, abin da za a samu ya kai ɗigo kimanin miliyan 21. Idan kuwa ƙaramin hoton takarda mai inci uku da rabi da inci biyar aka kwafa a kan ɗigo 300, abin da za a samu bai kai miliyan 2 ba. Wannan lissafi shi ne hujjar fifita dodo. A dodon Hawan Salla ana iya faɗaɗa hoto a gane fuskar dogari na baya, ko aikin da ke jikin sirdi, alhali a takarda duk sun zama ɗigo.

Wata fasaha da ta dace da ƙasar hunturu ita ce Digital ICE, wadda ke amfani da hasken da ido ba ya gani ta gano ƙura da karce ta share su. Sai dai ba ta aiki a kan fim baƙi-da-fari na gargajiya, domin azurfar da ke jikinsa tana tare wannan haske, kuma takan sami matsala da Kodachrome. Ke nan mafi tsufan fim ɗin Zariya sai an share shi da hannu, da ɗan famfon iska da burushi mai laushi, a kuma riƙe shi ta gefe.

Abin takaici shi ne zamanin waɗannan na'urori bai yi tsawo ba. Konica Minolta ya bar harkar kyamara a 2006, Nikon kuma ya daina ƙera sikanoninsa a wajajen 2010. Waɗanda suka saura na hannu ne, kayan gyaransu na wuya, kuma manhajarsu ta asali ba ta tafiya da sababbin kwamfutoci, sai an nemi irin su VueScan ko SilverFast. Madadinsu su ne ƙananan sikanonin Plustek OpticFilm, da manyan sikanonin takarda masu fitila a murfi waɗanda ke karɓar fim mai lamba 120, da kuma ɗora fim a kan haske a ɗauke shi da kyamarar dijital. Kowace hanya aka bi, aikin na cin lokaci, ga hoto ɗaya mai cikakken inganci yana iya wuce megabayit 100, ga kuma matsalar ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki.

3.7 Dalilin Yin Aikin a Cikin Gida

An riga an gwada irin wannan ceto a wasu wurare na Afirka ta Yamma. Shirin ceto ma'adanai masu fuskantar halaka na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya ɗauki nauyin kwafe dubban dodanni na Jacques Toussele, mai hoto a garin Mbouda na Kamaru. A Mali an kwafe na su Malick Sidibé da wasu takwarorinsa. Tarin hotunan Solomon Alonge, mai hoton fadar Benin, yana gidan tarihin Smithsonian a Amurka. Duk waɗannan mutane masu shagon hoto ne, irin waɗanda aka yi a Sabon Gari da Tudun Wada.

Amma a birnin Zariya akwai dalilai na musamman da suka sa ya fi dacewa sikana ta je wurin fim, maimakon fim ya je wurin sikana. Na farko shi ne sutura. Da yawan hotunan na matan aure ne a cikin ɗakunansu, kuma babu maigidan da zai yarda a fita da su a ba baƙo. Idan ɗan gida ko 'yar gida ce ke aikin a zaure ko a tsakar gida, iyali ne ke da ikon cewa wannan a nuna, wannan a ɓoye. Na biyu shi ne amana, domin mutane da dama sun ba da aron hoto ko takarda ba su sake gani ba. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne suna. Hoton da ba a san ko na wane ne ba, ko a wace unguwa da wace shekara aka ɗauke shi, rabin shaida ne kawai. Masu wannan sani su ne tsofaffin gida, kuma su ma lokaci na tafiya da su kamar yadda yake tafiya da fim. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka wajibi ne a zaunar da tsoho kusa da kwamfuta, hoto na fitowa yana faɗa ana rubutawa.

A ƙarshe, kwafe fim ba izinin zubar da shi ba ne. Faifai da kwamfuta su ma suna lalacewa, wani lokaci ma fiye da fim sauri. Abin da ya dace shi ne a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, shi kuma dodon a raba shi da wanda ya fara wari, a sa shi cikin takarda mai tsabta, a ɗora shi nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda hoto ya shigo Zariya tare da Turawa a farkon ƙarni na 20, da yadda larurar fasfo da jarida da majigi suka sa mutanen birni suka karɓe shi. An nuna cewa baƙi sun adana surar masallaci da adon zauruka, masu hoto na gari kuma sun adana fuskokin mutane da bukukuwansu, kuma wannan rabi na biyu shi ne ke cikin haɗari. An kuma bayyana tarihin sikanar fim da yadda take aiki, da dalilan da suka sa aikin ya fi dacewa a yi shi a cikin gida tare da dattawa. A babi na gaba za a ɗauki wasu daga cikin hotunan da aka kwafe a yayin wannan bincike, a yi nazarin abin da suke nunawa game da tufafi da sarauta da tsarin gida a birnin Zariya.